Wanda Ya Ce Ba Shi da Ɗa

Daga Allah muka zo, wurinsa kuma aka mai da yayana, wata Laraba da hantsi, kogi yana cike. Tun ran nan ban iya zama wuri ɗaya ba. In na zauna a ɗaki sai in ji kamar ana kirana a zaure, in na je zauren in tarar ba kowa, sai ƙoƙon tawada da ya bushe ya tsage. In koma ɗaki, in sake fitowa. Shi ya sa na ce bari in faɗi abin da na sani a kansa tun bakina yana iyawa, kada wata rana yara su nuna allon da ke rataye a bangon ɗakinsu su ce wa ya yi wannan, a rasa mai ba su amsa.

Mutane sun zo, wallahi sun zo. Kafin a gama yi masa wanka ƙofar gida ta cika. Masunta daga Tunuga sun bar komarsu a jiƙe suka taho, manoma daga Bengu sun zo da laka a ƙafa. Wani ya ce ya haƙuri, wani ya ce fonda tilas da harshen Zabarmawa, duk gaisuwar ɗaya ce. Wata tsohuwa mai sai da kifi ta shigo rungume da abu a cikin zane kamar jariri, ta zauna a lungu, ba ta yi kuka ba, ba ta kuma buɗe zanen ba. Taubashinmu, ɗan kawunmu da suka yi wasa da yayana tun suna tsirara, ya tsaya a kan makara ya ce, "Ka ga halinka ko? Ka riga ni aure, ka riga ni furfura, yanzu nan ma sai da ka riga ni. Maƙetaci." Sai ya rufe fuska da hannun riga, aka janye shi.

Amma duk wanda ya zo gaisuwa wajen maza, sai ya dubi tabarma ya sake dubawa. Liman yana nan, taubashi yana nan, surukai suna nan. Ɗan mamacin ne babu. Ba kuwa nisa ya yi ba. Yana ƙetaren titi a bencin mai shayi, takalmi a ƙafarsa, ya ba gidan baya.

Bari in warware muku, don 'yan yanzu ba duka suka san wannan ba. A gidanmu ɗan fari ba na ubansa ba ne a baki. Uba ba ya kiran sunansa, ba ya ɗaukarsa gaban mutane, ba ya cewa ɗana. Kunya ce, haka muka tarar. Da aka yaye yaron nan sai aka goya mini shi, ban daɗe da aure ba. Ya tashi yana ce mini Inna, yana ce wa ubansa Kawu. Duk unguwa ta san gaskiya, shi ma ya sani tun bai iya ɗaura wando ba. Bayansa Allah bai ƙara ba yayana namiji ba, mata ne a jere. Ni ma matan ya ba ni. Ka ga ke nan namiji ɗaya ne tsakaninmu, ni da yayana, kuma a baki nawa ne. Har ya yi gemu ya zama direba, Innar Direba ake ce mini a kasuwa.

Magana ba ta taɓa tafiya kai tsaye tsakaninsu ba. Yaro yana tsaye, uba yana zaune, taku biyu bai raba su ba, sai yayana ya ɗaga murya ya ce, "Ki gaya wa ɗanki ya jiƙa ƙaro." Yaron ya juyo gare ni ya ce, "Inna, ki ce wa Kawu ƙaro ya ƙare." Ko ina daka, ko ina wanka, sai an jira ni. Haka na yi rayuwata ina ɗaukar magana daga wannan baki in kai wancan kunne.

Yayana mai zayyana ne. In yaro ko yarinya ya sauke Alƙur'ani, ana yi masa allo na dabam, a rubuta Fatiha a tsakiya, a kewaye ta da zane mai launi, ranar walima ya riƙe ya karanta gaban jama'a. Shi ne aikinsa, shi ne aikin babanmu. Tawadarsa da kansa yake dafawa da ƙaro da gawayi. Ja daga ƙasar gindin dutse yake samo shi, rawaya daga gangamau, shuɗi daga shuni. Ba ya jan layi sai ya ɗanɗana tawadar a harshe, saboda haka harshensa kullum baƙi ne, jikoki su yi ta roƙonsa ya fito da shi su gudu suna ihu. A hannun rigarsa na hagu yake share alƙalami. Matarsa ta yi faɗa, ta yi roƙo, ta ɗinka masa tsumma na musamman, ya ninke tsumman ya sa a aljihu don kada ya ɓaci, ya ci gaba da sharewa a riga.

Magana ɗaya ce a bakinsa: "Bari ya bushe." In ka miƙa hannu ga sabon allo, bari ya bushe. In mata sun yi faɗa an kawo ƙara, bari ya bushe. Ran da jikarsa ta faɗi ta fasa gwiwa tana tsala kuka, ya dube ta ya ce bari ya bushe, har ita ma ta yi dariya cikin hawaye. Wani lokaci maganar magani ce. Wani lokaci kuwa, ni ƙanwarsa ce zan faɗa, hanyar gudu ce kawai. Mutum ne da ya fi son a bar abu ya kwana da a dube shi ido da ido.

Tsohuwar nan mai kifi, bari in gaya muku abin da ke cikin zanenta. Ba ta yi karatu da ƙuruciya ba. Sai da ta aurar da 'ya'ya ta fara zuwa makarantar matan aure, ƙarnin kifi a jikinta, 'yan mata suna matsawa. Ta daɗe, ta daɗe, har ta sauke. Ta ji kunyar yin walima, ta ce wa zai zo kallon tsohuwa da allo. Labari ya kai kunnen yayana. Ya zaɓi itacen da ya fi kowane laushi, ya yi zayyanar da ban taɓa ganin ya yi wa ɗan wani attajiri ba, ya sa rigarsa mai baƙin hannu, ya ɗauki allon da kansa har cikin 'yan kifi. Ya tsaya gaban farantinta ya ce, "Malama, ga allonki. Wace rana za mu zo cin tuwo?" Malama ya ce mata, kowa yana ji. Aka yi walima. Allon nan ne ta rungumo cikin zane ranar rasuwarsa.

To yaron nawa ya koyi aikin duka, yana zaune a gefe, ba a ce masa koya ba. Amma kunnensa yana tasha. In kamiyo, babbar motar kaya, ya yi kuka a hanyar gada, alƙalami ya tsaya a hannunsa. Ya bi mota, ya wanke ta, ya kwana ƙarƙashinta, har aka ba shi tuƙi. Wata rana ya kawo kamiyonsa Gaya ya ajiye kusa da duwan, wurin 'yan kwastan, ya zo yana murmushi ya ce in ce wa Kawu ya zo ya gani. Muka je. A bayan motar, daga sama har ƙasa, ga zanen gidanmu, wanda ake kewaye Fatiha da shi. Ba aya ko ɗaya, zanen kawai. Yayana ya kewaya motar, ya dawo inda nake, ya ce, "Ki gaya wa ɗanki, rigar Fatiha ya tuɓe ya sa wa buhun albasa."

Ban buɗe baki ba yaron ya tsallake ni. Ya dubi ubansa cikin ido, abin da bai taɓa yi ba, ya ce, "Kawu, in da magana ka faɗa mini. Ga ni nan."

Yayana ya juya ya tafi gida. Yaron ya tada mota ya haye gada ya bar ƙasar. Shekaru suka yi ta wucewa yana tsakanin Paraku da Malanbil, ya yi aure a can, ya haihu a can. In ya aiko mini da shinkafa in raba biyu in kai gidan yayana, ya ci ya ce, "Ɗanki ya san shinkafa." Iyakarta ke nan.

Bara sai ga baƙuwa. Iyayenta 'yan ƙasar nan ne amma a ƙasar Turawa ta tashi, Hausarta a hankali take fita, kamar mai taka duwatsu a rafi. Yarinya ce mai ladabi, har ƙasa ta durƙusa. Ta ce daga wani gidan tarihi take, mize suke ce masa, inda ake adana kayan Musulmi na da, Alƙur'anai na hannu da alluna da ƙofofi masu sassaƙa. Ta ce suna hira da masu aikin hannu su sa a waya, kowa ya saurara lokacin da ya ga dama, ba kamar rediyo ba da in ya wuce ka ya wuce. Murya kawai za ta ɗauka, ba hoto.

Duk da haka yayana ya sa rigar Salla, ya naɗa rawani, ya zuba turare. Taubashi ya ce, "Turare kuma? Wayar sansanawa take yi?" Yayana ya ce, "Kai dai ko a waya aka sa ka sai an toshe hanci." Baƙuwa ta kafa abin magana mai gashi kamar ɓera a gabansa. Ni ina bayan ƙofar zaure ina tsince shinkafa, ina jin komai.

Ta tambaye shi tawada, ya faɗa. Ta tambaye shi me ya sa zanen yake kewayawa ba a ganin farkonsa ko ƙarshensa. Ya ce don kada idon yaro ya sami ƙofar fita daga allon, ranar walima tsoro yake kama su, in ido ya zame sai zanen ya komo da shi kan ayar. Ta ji daɗin wannan ƙwarai. Sai ta ce, "Baba, kana da ɗa da zai gaji aikin nan?"

Ga baƙuwa mace, ga taubashi a zaune, ga ni a bayan ƙofa. Ya ce, "Ba ni da ɗa. Sai dai ɗan ƙanwata."

Ko kai ba wanda ya ɗaga a cikinmu. Me zai ce in ba haka ba? Hira ta ci gaba har la'asar.

Da aka sa hirar a waya, baƙuwa ta yi gabatarwa da Faransanci, ta ce ga mai zayyana na ƙarshe a gidansu, ba shi da ɗa. Ba ƙarya ta yi ba, abin da kunnenta ya ji ta faɗa. Wani a tashar Paraku da ya yi lakkwal, wato boko, ya ji, ya yanko wurin nan kaɗai, daga bakinta zuwa bakin yayana, ya bi salula salula. Direbobi kuwa kun san bakinsu. "Ashe tsinto ka aka yi?" "A wace tasha aka manta da kai?"

Yaron ya kira ni. "Inna, kin ji?"

Na ce, "Kunya ce, kai ma ka sani."

Ya ce, "Kunya a gida ake yinta, Inna, gaban waɗanda suka san gaskiya. Wannan duniya ya tara ya gaya wa. Tun ranar motar nan yake neman inda zai faɗe ta."

Na ce, "Ka ji sauran hirar?"

"Abin da na ji ya ishe ni." Ya kashe.

Na je na gaya wa yayana. Lokacin ciwo ya riga ya kwantar da shi, ƙafafu sun kumbura, likita ya hana shi gishiri. Ya mai da ido ga rufin ɗaki. Na ce, "Yaya, ga salula, kalma ɗaya ce." Leɓensa ya motsa, na ga ya motsa. Sai ya ce, "Bari ya bushe." Wannan karon bai bushe ba aka ɗauke shi.

Yaron ya ƙetaro kogi da jirgi ranar jana'iza, don gada tana rufe, ya tsaya a sahun baya, ya bi har maƙabarta, ya dawo ya zauna wurin mai shayi. Liman ya aika, taubashi ya je da kansa. Amsa ɗaya ce: "Ku gai da 'ya'yansa. Ni baƙo ne, Innata na zo yi wa gaisuwa." Uwar da ta haife shi tana cikin takaba, ita ma kunyarsa take ji, ba ta da bakin kiransa. Ranar addu'ar uku aka zo aka ce mini ya ɗaure jakarsa, da an shafa zai sauka bakin ruwa. Na san shi. In ya haye a haka, ya haye ke nan, kuma 'ya'yansa za su tashi a can ba su da ƙofar da za su nuna a Gaya su ce gidan kakanmu.

'Yata ta taɓa sa mini hirar a ƙaramin rediyon nan mai cin karti irin na salula. Na ɗauke shi, na ja mayafi, na fita. Mata suna cewa, "Gwaggo, ina za ki cikin maza?" Ban waiwaya ba. Na ƙetare titi, wani ɗan kabu-kabu ya kusa kwashe ni da babur, na ajiye rediyo a tebur tsakanin burodi da gwangwanin madara.

Mai shayi ya ce, "Inna, shayi ko kafe?"

Na ce, "Matsa."

Yaron ya ce, "Inna, don Allah ki koma ciki."

Na ce, "Ran da na goya ka ban nemi shawararka ba. Zauna."

Na kunna. Muryar yayana ta fito, da ɗan tarin nan nasa. Masu shan shayi suka ajiye kofi, wani ya yi salati. Mutanen tabarma suka jiyo, suka fara tasowa ɗaya ɗaya. Da aka zo wurin, da muryar ta ce ba ni da ɗa, yaron ya miƙe. Na riƙe bakin rigarsa da hannu biyu. In zai tafi sai dai ya ja ni a ƙasa.

Muryar baƙuwa ta ce, "Shi ɗan ƙanwar taka, ya iya?"

"Ya iya? Hm. Gaggawa gare shi. Kuma shuɗi yake cikawa, kamar kyauta ake ba shi. Wata rana motarsa ta kwana a duwan, da na fito masallaci na bi ta wurin. Hanyata ce dai. Na sa yatsa na bi layin daga wannan kusurwa har waccan. A kan ƙarfe fa, ba itace ba, ƙarfe mai tudu da kwari. Bai karkace ba." Ya yi ɗan tari. "Amma shuɗin ya yi yawa."

Baƙuwa ta so ta komo da shi kan tsofaffin alluna. Ya katse ta. "Yarinya, abin nan naku, ana jin sa a cikin mota?"

"Ana ji, Baba, ko'ina."

"Har hanyar Paraku?"

"Har can."

Sai aka ji ƙarar rigar Salla, yana gyara zama, yana gyara murya. "To ki gaya wa ƙanwata ta gaya wa ɗanta, in ya wuce Kandi ya rage gudu. An ce hanyar ta lalace."

Dariyar taubashi ta fito daga rediyo: "Ku ji tsoho! An taso daga ƙasar Turawa tambayarsa zayyana, shi aike yake yi." Taubashin kuwa yana tsaye a bayana, hawaye yana bin gemunsa.

Na kashe. Na saki rigar. Yaron bai tafi ba, bai kuma zauna ba. Yana kallon ƙasa. Can ya ce, a hankali, "Ko a nan ɗin ma bai faɗa ba, Inna."

Na ce, "Bai faɗa ba."

"Ɗan ƙanwata. Ɗanta."

Gaskiyarsa ne. Na tsaya a wurin ina jin rana a tsakar kaina. Wanda ya kamata ya faɗi kalmar yana ƙarƙashin ƙasa, ba zai ƙara buɗe baki ba. Duk maganar da ta taɓa shiga tsakaninsu ta bakina ta bi. Sai na ga saura guda ɗaya, kuma ita wannan in na kai ta, ba abin da zai rage a hannuna.

Na juya ga liman da jama'a. Ban taɓa ɗaga murya gaban maza ba sai ran nan. Na ce, "Malam, ku shaida. Yaron nan riƙo aka ba ni. Na goya shi, na yi jinyar ƙyandarsa, na yi masa aure, amma ban haife shi ba. Wanda ya haife shi, shi kuka kai kuka rufe. Bakinsa ya yi nauyi har ya tafi. Ɗansa ne, ɗansa na fari, ba shi da wani. Ni ce ba ni da ɗa namiji. In za ku gai da ni, ku gai da ni rashin wa. Rashin uba kuwa ga mai shi nan."

Yaron ya ɗago ya dube ni. Ya ce, "Inna..."

Na ce, "Gwaggo."

Sannan ya sunkuya ya cire takalmi a nan gaban tebur, ya ƙetare titi ba takalmi, ƙasa tana ƙuna. Taubashi ya riga shi, ya janye buzunsa daga kan tabarma ya bar masa wurin. Yaron ya zauna. Wani tsohon masunci ne ya fara durƙusawa gabansa, ya ce, "Ya haƙurin rashin mahaifi?" Na ji muryarsa daga inda nake, ta fashe a tsakiya, ya ce, "Mun gode Allah."

Ni kuwa ina tsaye a ƙetaren titi ni kaɗai. Mai shayi ya tura mini benci, na zauna cikin maza kamar wadda ba ta da gida.

Allah ya jiƙan yayana, ya yafe masa abin da ya faɗa da abin da ya kasa faɗa, ya shimfiɗa masa kabarinsa, ya sa Alƙur'anin da ya yi wa ado ya tsaya masa. Mu da muka rage, Allah ya sa mu cika da kyau.

Yaron ya zauna har aka yi bakwai, sannan ya haye. Ya ce da rani zai kawo 'ya'yansa su ga zauren. A kasuwa wasu sun fara gyara baki, su fara Innar Direba su haɗiye rabi. Jiya ya kira ni. Ya yi sallama, na amsa. Ina jin ƙugin mota a bayansa, yana neman abin da zai kira ni da shi. Na riƙe salula a kunne, na bar shi yana nema.